Yadda Babanku Ya Tare a Gidan Surukai

Kun sha jin ana yi wa babanku ba'a a majalisar ƙofar gida, ana ce masa amaryar Zango, wai shi ne namijin da ya ɗauko akwatinsa ya tare a gidan iyayen matarsa. Shi kuwa sai ya yi dariya ya gyara hula, bai taɓa ba kowa amsa ba. Na san abin yana sosa wa wasunku rai tun kuna ƙanana, har akwai wanda ya taɓa dawowa daga makaranta da yagaggiyar riga saboda wannan magana, ya san kansa. Yanzu babanku ya riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini gardama, shi ya sa na ga gara in faɗa muku yadda abin ya faru tun ina da bakin faɗa.

Kakanku Malam Garba mutumin Ƙonni ne a ƙasar Nijar. Da ƙafa ya shigo Kumasi yana saurayi, yana bin bayan shanun wani, kuma da shanu ya yi duk abin da ya yi a duniya. Lokacin da na yi wayo ya zama dillali a Mayanka, yana da 'yan shanunsa na kansa a hannun wani Bafulatani a bayan gari. Gidan nan da kuke ciki ba rana ɗaya aka gina shi ba. Duk shekarar da kasuwa ta yi kyau sai Baba ya ƙara ɗaki, shekarar da ba ta yi ba sai ya ƙara haƙuri. Shi ya sa za ku ga wani ɗakin ya fi wani tsawo, wata ƙofar kuma sai ka sunkuya. Ɗakunan da suka yi mana yawa ya zuba 'yan haya: Yarabawa masu tireda, Zabarmawa masu tallan yadi, da wani Bamoshe mai gadi da ba ya barci sai da rana. Da safe idan aka yi layin ruwa a tsakar gida, za ka ji yare huɗu suna faɗa kan bokiti ɗaya, Inna kuma tana raba su da Hausa da muciya a hannu. Mu biyu Allah ya bar musu, ni da Yaya Mamman, wanda Inna ba ta faɗin sunansa don ɗan fari ne, sai dai ta ce Babba.

Babanku kuwa Badagombe ne daga Tamale, can arewacin ƙasar nan, direban babbar mota mai zuwa arewa. A tasha ya koyi Hausa, Hausar tasha kuma ba ruwanta da mace ko namiji, kowa shi ne. Wannan abu ya hana Baba sakat. Ranar da ya zo gaisuwa bayan bikinmu, ya durƙusa ya ce, "Baba, Rabi ya ce in gaishe ka, ya ce zai zo gobe."

Baba ya dube shi ya ce, "Fuseini, ɗiya na ba ka ko ɗa?"

"Ɗiya, Baba."

"To ta ce. Ta ce za ta zo."

"To Baba, ta ce za ta zo. Kuma ya ce a gaida Inna."

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, ɗaya yana gyarawa ɗaya yana ɓatawa, kuma ina jin kowannensu yana jin daɗin rabonsa. Muna zaune a ɗakin haya kusa da unguwar Reskos, ina sayar da shinkafa da wake a bakin tasha, da 'ya'ya biyu a lokacin. Babanku yana da buri guda: ya sayi motarsa ta kansa ya daina tuƙa ta wani. Ya daɗe yana tari, har ya zaɓi abin da zai rubuta a goshinta.

A daminar shekarar 1969 Baba ya faɗi. Ana tsakiyar ciniki a Mayanka, ya ɗaga hannu zai ce albarka, sai hannun ya ƙi sauka daidai, ya sulale ƙasa. Aka kai shi asibiti. Da aka sallamo shi, rabin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Likitan ya gaya mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye: wannan ciwo ba na allura ɗaya ba ne. Sai a riƙa ɗaga shi, a juya shi kada jiki ya yi gyambo, a yi masa wanka, a murza masa gaɓoɓi, kuma yana iya ɗaukar shekaru a haka.

Amma kun san Zango, unguwar nan tamu. Kafin mako ya zagayo kowa ya zama likita. Wannan ya zo da man damo, wancan da saiwar da sai a dajin Gwanja ake samunta, wani ya ce akwai wata tsohuwa a ƙauyen Tonawa, 'yan asalin ƙasar Kumasi, da ta tayar da wanda ya fi haka. Yaya Mamman mutum ne mai son ubansa, ba ya iya jin an ce ga magani ya ƙi gwadawa. Kowane magani kuma saniya yake ci. Ga asibiti da muke komawa, ga ƙattin da ake biya su ɗaga shi su yi masa wanka, don Baba ƙaton mutum ne, Inna ba ta iya ko jirkita shi. Ƙattin ma ba sa daɗewa. Hannun hagun Baba lafiyarsa ƙalau, duk wanda ya ja shi da ƙarfi kamar buhun masara sai ya sha mintsini. Kafin damina ta ɗauke, Bafulatanin ya zo da sandarsa ya ce garke ya ƙare. Inna ta ce, "Ciwon nan ya fi kura cin nama."

Muna cikin wannan, azumi ya kama, sai rediyo ya ce gwamnati ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Ba zan tsaya kan wannan ba, don duk wanda ya gani da idonsa ba ya son maimaitawa. Mutanen da aka haifa tare, aka yi suna da biki tare, suka ɗaure kaya suka cika tashar Kejetiya. Mu 'ya'ya a Kumasi aka binne cibiyarmu, amma Baba da Inna sai da babanku da mai unguwa suka yi ta hawa da sauka a ofisoshi da bakin azumi kafin aka bar su su zauna, saboda ciwon da kuma daɗewarsu. 'Yan hayarmu kuwa duk suka tafi. Tsakar gidan da ba a jin kiran salla saboda hayaniya ta koma sai kukan kaji. Shanu sun ƙare, kuɗin haya ya yanke, ciwo kuma yana nan inda yake.

A nan ne Yaya Mamman ya zo da shawararsa. Dangin matarsa sun tafi, abokan kasuwancinsa sun tafi, shi ma ya ƙudura zai bi su Ƙonni ya gwada sa'a. Ya ce kafin ya tafi gara a sayar da gidan. Akwai wani Batone mai motoci a unguwar Kwadaso, Opanin Mensa, yana saye, kuma bai karya farashi kamar yadda wasu suke yi wa masu gudu ba. Da kuɗin za a kama wa Baba da Inna ɗaki biyu, a ɗauki masu jinya na sosai, a ci gaba da magani. Kada ku ɗauka kawunku mugunta ya nufa. Ya dubi gida babu kowa, ya dubi uba a kwance, ya ga bango ba ya warkar da mutum.

Ni kuma abin da na gani daban ne. Akwai wata tsohuwa da ke zuwa wurina a tasha ina zuba mata ƙanzo. Na san ta tun ina yarinya, matar wani babban mai goro ce, da gidansu da komai. Mijin ya yi doguwar jinya, aka sayar da gidan aka yi ta kashewa, ranar da ya cika kuɗin ma sun cika. Ta koma kwana a barandar shaguna a Kejetiya. Washegarin ranar da Yaya ya yi maganar, tsohuwar nan ta miƙo mini kwanonta, sai na ga kamar hannun Inna ne. Na rufe tukunya na tafi neman babanku.

Na same shi a ƙarƙashin mota shi da makaniki, ƙafafunsa kawai ake gani. Na tsuguna na gaya wa ƙafafun duk abin da ke raina. Na ce ina so ya ba ni izini in koma gida in yi jinyar Baba da kaina, shi ya riƙa zuwa idan ya dawo daga tafiya. Ya turo kansa waje, fuska duk baƙin mai.

"Kai za ka ɗaga Baba?" ya ce da ni. "Kai da ko buhun shinkafa sai an kama maka?"

Na ce zan koya.

Ya zauna ya goge hannu da tsumma. Ya ce, "Rabi, tsaya mu duba. Me ke cin kuɗin nan? Maganin asibiti ba shi da yawa. Sauran duk hannu ne: hannu ya ɗaga, hannu ya wanke, hannu ya juya. To hannu muke saye. Ni ina da biyu, kuma ba a biya na."

Na ce masa ya san abin da yake faɗa kuwa? Mai jinyar Baba ba zai yi kwana huɗu a hanyar Tamale ba. Kuma suruki ya yi wa surukinsa wanka, wa ya taɓa ji? Kuma namiji ya tare a gidan matarsa, Zango za ta cinye shi ɗanye.

"Zango ya ci," in ji shi. "Ai ba ƙashi gare ni ba."

"Motarka fa?"

Ya dubi motar maigidansa tun daga taya har sama. Sannan ya ce ranar da ya zo neman aurena mutane sun ce wa Baba kada ya ba Badagombe ɗan tasha, Baba ya ce shi salla ya gani ba yare ba. Ya koma ƙarƙashin mota.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a ɗakin Baba. Yaya ya gayyato Malam Isa, aminin Baba kuma limamin masallacin unguwa, don ya zama shaida. Opanin Mensa ma ya zo da zanensa na Tonawa a kafaɗa, aka ajiye shi a zaure. Inna ta aika masa da fura, bawan Allah ya riƙe kwanon yana jin kunyar sha a gidan masu azumi. Baba yana jingine da matasai, idonsa yana bin duk mai magana. Inna tana bakin ƙofa da tiren wake tana tsincewa don ƙosan buɗa-baki, kamar abin bai shafe ta ba. Babanku yana can gefe a durƙushe, kai a ƙasa.

Yaya ya yi bayaninsa tsaf, kuma ya yi kyau. Da ya gama na ce ina da magana. Na ce kuɗin gida ruwan tulu ne, kullum ana ɗiba ba a ƙarawa, kuma babu wanda ya san tsawon ciwon nan sai Allah. Idan tulun ya ƙare Baba yana raye, ina za mu? Idan kuma Baba ya riga Inna, a ɗakin wa za ta yi takaba, a ɗakin wa za ta tsufa? Na ce ni da maigidana za mu dawo gidan, mu riƙe jinyar da hannunmu, a sallami ƙattin haya, a daina bin kowane mai saiwa.

Yaya ya ce, "Ke Rabi, kin san abin da kike faɗa? Suruki ya ga tsiraicin surukinsa? Sannan gobe in na juya baya a ce Badagombe ya gaje gidan Garba Ɗan Ƙonni?"

Maganar ta yi nauyi, shi kansa ya ji. Malam Isa ya yi gyaran murya. Sai babanku ya ɗago kai.

"Yaya, ni ba na son gida," ya ce. "Ko bulo ɗaya ba na so, Malam shaida ne. Ni saboda Inna nake magana. Inna ya sha wahala a gidan nan. Shi ya ɗauki ruwa aka yi gini, shi ya dafa wa magina abinci. In an sayar, ina zai zauna? Shi ne ya kamata..."

"Ita!"

Muka dubi juna. Muryar ta fito a karkace, kamar daga cikin rijiya, amma babu wanda bai gane ta ba. Baba ne. Tun faɗuwarsa ko a'a bai ce ba. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna babanku da yatsa, jijiyar wuyansa ta miƙe, ya sake cewa, "I-ta!"

Tiren Inna ya kife, wake ya watsu har ƙarƙashin gado. Malam Isa ya ɗaga hannu sama ya yi kabbara. Ya ce, "To kun ji da kunnenku. Mai gida ya yi magana. Ya ce ita. Gida ita za ta zauna a ciki, magana ta ƙare."

Ni dai na kalli idon Baba, na ga irin ƙyallin da yake yi duk lokacin da ya kama babanku da laifin Hausa. Har yau ba zan rantse muku wanne ya nufa ba, gyaran magana ko hukuncin gida. Wataƙila ya ga tsuntsu biyu ne a reshe ɗaya. Yaya Mamman ya faɗa kan ƙafafun Baba yana kuka yana dariya, yana cewa, "Baba, ƙara faɗa, ƙara faɗa." Babanku kuwa ya rasa abin yi, sai ya ce, "To Baba, ita. Ita ne zai zauna." Baba ya rufe ido ya girgiza kai, irin na wanda ya haƙura da ɗalibi.

Aka tsayar da magana a gaban Malam Isa: ba za a sayar da gida ba, ba za a jinginar da shi ba, muddin ɗaya daga cikin tsofaffin yana numfashi. Yaya da kansa ya fita zaure ya ba Opanin Mensa haƙuri. Mutumin ya saurara, ya ce da Tonanci, "Yoo, mate," wato to, na ji. Ya ce shi ma yana da tsohuwa a gida. Da ya ji babanku direba ne kuma zai bar hanyar arewa, ya ce yana da ƙaramar motar haya mai zirga-zirga tsakanin Kejetiya da Kwadaso, direbanta yana cikin waɗanda suka tafi. Ya zo sayen gida ya koma da direba, kuma sai a lokacin ya shanye furarsa.

Bayan salla Yaya ya tafi Ƙonni da iyalinsa, mu kuma muka tare. Ranar da amalanke ya sauke kayanmu a ƙofar gida, matan unguwa suka fito suna guɗa, wata har da cewa ina lallen amarya. Babanku ya sauke akwatinsa ya ce musu lallen yana hanya.

Daga nan rayuwa ta kama wani tsari. Da asuba babanku zai dawo daga masallaci ya tarar na ɗora ruwa. Ya shiga ya rufe ƙofa, ya ɗauki Baba cak kamar yaro. Kwanakin farko Baba rufe ido yake yi don kunya, babanku ma ya kau da kai, har sai da suka gane kunya ba ta wanke baya. Babanku ya fara yi masa hira yana cuɗa shi, labarin hanya, labarin fasinjoji, kuma da gangan yake ƙara ɓata Hausar. Daga tsakar gida sai mu ji yana cewa, "Wani mata ya shigo mota da akuya, ya ce akuyan ɗansa ne," sai mu ji Baba ya yi gurnani: "Ta!" Da haka kalmomi suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Likitan ya ce mu ci gaba da duk abin da muke yi, bai san darasin nahawu ake yi a bayan ƙofa ba. Da hantsi ni da Inna mu juya shi mu murza masa hannu da man kaɗe, da azahar babanku ya ajiye mota ya leƙo ya sake ɗaga shi, da yamma haka.

Inna kuwa kunyar suruki ba ta bar ta ba ko da wasa. Ga shi a gabanta, amma sai ta dubi ɗaya daga cikinku, ko kaza in babu kowa, ta ce, "A gaya wa Direba ruwansa ya yi zafi." Shi ma ya dubi kazar ya ce, "A ce na gode."

Na ɗauke tukunyata daga tasha na kafa ta a ƙofar gida don in kasance kusa. Na yi zaton ciniki zai mutu, da farko ma ya yi sanyi ƙwarai. Sai babanku ya samo tsohuwar kujerar mota a wurin makanikai, aka yi mata ƙafafu da tayoyin amalanke, ya riƙa turo Baba waje da safe ya ajiye shi kusa da ni. Mutanen Mayanka da suka rage suka ji labari, suka fara biyowa gaishe shi. Wanda ya zo gaisuwa kuma ƙamshi ba ya barinsa ya tafi haka. Har mai saniya yakan jawo ta ƙofar gida ya ce Malam Garba ya duba. Baba ya kalle ta, in ta yi masa ya ɗaga babban yatsa, in ba ta yi ba ya tura leɓe. A hankali ɗakuna ma suka fara samun mutane, 'yan dakon Kejetiya daga arewa, da wata Batona mai sayar da kifi da ta koya mini barkonon da kuke so. Hayar ba ta kai ta da ba, amma ta sayi maganin asibiti ta sayi sabulu, kuma layin ruwa ya dawo da faɗansa.

Kada ku ce abin bai ci komai ba. Tarin motar babanku ya tafi a kwanon rufin ɗakin Baba da ke yoyo, da katifa, da watannin farko da ba haya ba ciniki. Bai sake tara kamarsa ba, don ku kuka yi ta zuwa. Ciwon bayan da kuka san shi da shi, a wannan shekarar ya samo shi. Wata rana na je Kejetiya sayen wake, na hango shi tsaye a gefen motarsa ta Kwadaso, yana kallon babbar motar Tamale tana fita da sabon direba, kaya har sama, yaran mota suna ihu. Bai gan ni ba. Ya bi ta da ido har ta sha kwana, sannan ya buga gefen tasa ya fara kiran fasinja. Ban taɓa gaya masa na gani ba, na dai ƙara masa nama a tuwo ranar.

Baba ya ga wani azumin, ya ga salla. Ranar idi babanku ya naɗa masa rawani ya tura shi a kujerarsa har filin salla, mutane suna ta tsayar da su. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, yana zaune a ƙofar gida rana tana dukan ƙafafunsa, na juya in zuba wa wani abinci, na waiwayo na ga kansa ya langaɓe. Babanku ne ya yi masa wankan ƙarshe, shi da Malam Isa. Babu wanda ya ce suruki ne.

Yaya Mamman ya zo ta'aziyya, kuma bai koma ba. Ƙonni ba ta karɓe shi ba. Ya ce can dariyar Hausarsa suke yi, suna ce masa Batone, ga rana, ga kasuwar da ba ta san shi ba. Ya aika aka ɗauko iyalinsa, suka shiga ɗakuna biyu na ƙurya. Ranar da ya ajiye kayansa ya tsaya a tsakar gida ya daɗe yana kallon bango, sannan ya je ya kama hannun babanku da hannu biyu. Kafin ya buɗe baki, babanku ya tambaye shi ko can ma ana cin shinkafa da wake.

Da Inna ta fita takaba, babanku ya ce mini aikinmu ya ƙare, ɗan gida ya dawo, mu nemi ɗaki mu koma. Ya samu wani a Reskos, muka ɗaure kaya, har an kira mai amalanke. Inna tana zaune a kan tabarma tana taunar goro, tana kallonmu muna fitar da tukwane. Sai da aka ɗauko akwatin babanku ta yi magana.

"A tambayi Direba," ta ce, "idan nawa ciwon ya zo, wa zai ɗauke ni? Babba ko tulu ba ya iya ɗagawa."

Babanku ya tsaya da akwati a ka. Ya dube ni, ya dubi mai amalanke, ya juya ya mayar da akwatin inda ya ɗauko shi. Muka biya mai amalanke kuɗin zuwansa ya tafi.

Ciwon Inna kuwa bai taɓa zuwa ba. Kun san ta, ku da kuka yi wayo da ita. Ta ga auren manyanku, ta goya 'ya'yansu, da ƙafarta take zuwa kasuwa tana faɗa da masu tumatir. Duk shekara babanku zai ce, "Inna, har yanzu shiru?" ita kuma ta ce a gaya wa Direba ya ƙara haƙuri. Ranar da za ta bar duniya ma daga gidan suna ta dawo, ta yi la'asar, ta kwanta a ɗakinta na gidan nan, shi ke nan. Da aka fito da makara, babanku da furfurarsa da ciwon bayansa ya ture samari ya sa kafaɗa a gaba, ya ƙi ba kowa har maƙabarta. Da ya dawo ya zauna a zaure yana haki, na kawo masa ruwa. Ya sha, ya share ido da hannun riga, ya ce, "Yau dai na ɗauka."